Ƙaguwa da Kallabi

Tun can da daɗewa, wata yarinya 'yar tudu ta ziyarci kakanta masunci a bakin teku. Ta ga ƙaguwa a jiƙe a kan yashi, ta tausaya mata. Ta goge ta da kallabi, ta goge, ta goge, ta shanya ta a rana. Ƙaguwa ta yi laushi.

Kakan ya ce, "Amaryata, kirkinki zai kashe ta! Abin numfashinta irin na kifi ne, yana ƙarƙashin ɓawo. Sai da danshi yake jan iska."

Yarinya ta ɗauke ta, ta ruga. Ƙaguwa ta danƙe mata yatsa, amma yarinya ba ta yar ba sai da ta kai ta ruwa.

Da ƙaguwa ta sake fitowa sharkaf, yarinya ta ɗaura kallabinta, ta ba ta hanya.