Awa Biyar a Sitka

Akwati biyu Salwa ta shirya a falonsu na McLeansville a Amurka, sai ga mijinta Garzali ya shigo yana jan na uku.

"Wannan kuma na waye?"

Ya sosa ƙeya. "Na Hajiya ne. Na ƙara tikiti ɗaya. Ji na yi tana gaya wa Anti Bebi a waya wai ba ta san yadda za ta yi da gidan nan ba idan mun tafi."

"Honeymoon ɗin namu? Shekara huɗu ina jiran cruise ɗin nan na jirgin ruwa. Kwana bakwai kacal na roƙa, ni da kai."

"Ki yi haƙuri, Salwa."

"Haƙurin ya ƙare. In mun dawo, ko ta koma wajen ƙaninka Zubair, ko ni in koma gidanmu Summerfield. I mean it."

Shekara biyu ke nan da ɗauko Hajiya Daso daga Kano. Garzali ɗanta ne na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, ko gishiri take so sai dai, "Salwa, ce wa mutumin naki." Ita kuwa Salwa haihuwar Greensboro ce, ta ɗauki abin mulki ne kawai da mai da ita 'yar aike. Abin da ya fi cin ranta shi ne rawar jikin mijin. Hajiya ta yi tari ɗaya ya ajiye cokali ya miƙe, ita ko sabon lalle ta zana sai ta kai masa hannun har hanci kafin ya gani. Kishi take yi da surukarta, kishi na gaske, ta kuma san da shi.

A jirgin ruwan ma ba ta sake zani ba. Daga Seattle har kwana na huɗu Garzali na hanya, daga neman shayin Hajiya sai neman bargon Hajiya.

Ran nan jirgin ya tsaya a Sitka, wani tsohon ɗan gari a gaɓar Alaska da Rashawa suka taɓa mulka. Duwatsu ta baya, teku ta gaba, ga yayyafi da ƙarnin kifi. Aka sanar cewa motar ƙarshe mai mai da fasinjoji tashar jirgi za ta tashi ƙarfe huɗu, wanda ya makara ya nemi hanyarsa.

A gaban tsohon cocin Rashawan mai koren tulluwa Hajiya ta ce ƙafarta. Garzali ya zaunar da su a benci, ya ruga neman man zafi. Salwa ta bi bayansa da kallo, hawaye suka cika mata ido.

"Ina zuwa, Hajiya."

Ta miƙe ta yi tafiyarta. Ta shiga dajin da ke ƙarshen gari, inda aka kakkafa dogayen itatuwa masu sassaƙen fuskoki, ta yi kukanta ta ƙoshi. Kira bakwai Garzali ya yi, tana kallo. Na takwas ta ɗauka, uku da rabi ta wuce.

"Kuna ina ne ke da Hajiya?"

"Ba ta bencin?"

"Ba kowa. Sau uku ina zagaya titin nan."

Salwa ta duba jakarta. Wayar Hajiya da katinta na shiga jirgi suna ciki, kuma Turancin Hajiya bai wuce "tankiyu" ba. Ta kwasa da gudu.

A wata 'yar rumfa ta sami Hajiya, tsakanin shagon gyale da na kyafaffen kifi, inda ruwa ya kore ta. Mayafinta ya jiƙe sharkaf, tana rawar ɗari.

"Hajiya, Garzali na can ya kusa zaucewa. Ba ki gan shi ba?"

"Na gan shi. Sau uku ya wuce ta nan, har da hularsa a hannu. Na ɗaga hannu bai gani ba."

"To me ya hana ki kira shi?"

Hajiya ta sunkuyar da kai. "Da wane sunan, 'yar nan? Shekara talatin da huɗu bai taɓa fita daga bakina ba. Na buɗe bakin ya ƙi. Na ce Salwa ta ce tana zuwa, za ta zo."

Salwa ta matso kusa da ita, Hajiya ta ci gaba.

"Kin ɗauka shi na biyo? Shi da ko hira ba ma yi? Idan kika tafi aiki agogo nake kallo har ki dawo. A ƙasar nan ke ce bakina, ke ce kunnena. Ban taɓa faɗa miki ba ne kawai."

Can tsallaken titi Garzali ya sake ɓullowa yana waige-waige. Salwa ta cika ƙirji ta ƙwala masa kira, har Turawan da ke wucewa suka juyo.

Saura minti huɗu suka kama motar. Hajiya ta wuce ta zauna can gaba, ta ba ɗanta baya kamar kullum. Garzali ya ji yadda aka yi, ya daɗe yana kallon ƙeyar uwarsa.

"Kin san ni ma kishinki nake yi?" ya ce a hankali. "A rana takan kira sunanki sau ashirin. Duk gudun da kika ga ina yi, sau ɗaya nake nema ta kira nawa."

Salwa ta kama hannunsa, kunya ta rufe ta. "Maganar da na yi a falo, na janye. Ba inda za ta, ba inda za ni."

Haka kishi yake, ba ya barin mutum ya tsaya ya yi tambaya. Da Salwa ta ƙara 'yan mintoci a dajin nan, da ta yi asarar miji mai haƙuri da uwar da ke ƙaunarta a ɓoye. Kafin ki yanke wa dangin mijinki hukunci, ki fara sanin al'adar da ta ɗaure musu baki.

Daga gaban motar muryar Hajiya ta taso. "Salwa, ce wa mutumin naki ya sa hularsa, sanyi zai kama shi."