Tambaya ta Bakwai

Saura minti goma a tashi daga ofis ta shigo, jaka a kafaɗa, ƙurar alli a hannun rigarta, tana haki kamar an biyo ta. Bai ɗago ba sai da ta dire fasfo biyu a kan teburinsa.

"Inshorar tafiya nake so, ta mutum biyu. Jirgin ruwa ne na yawon shaƙatawa, kwana goma sha biyu. Don Allah ka ba ni wadda ba ta da dogon bayani."

Ya ɗago ya dube ta. Ni dai ban cika yarda da zancen kallo ɗaya ba, amma a gaban shaidu biron da ke hannunsa ya suɓuce, sai da ya shiga ƙarƙashin tebur neman sa.

Auta ake kiran ta a gida, kuma malamar firamare ce. Fasfon na Baba da Mama ne. Tun shekarar aurensu Baba ya rataye wata kalanda mai hoton farin jirgin ruwa a falo, ya ce wa Mama wata rana sai ya ɗora ta a kan irinsa. Kalandar ta koɗe, ya yi shekara talatin da biyar a gidan waya ya ajiye aiki, sannan yayyen Auta suka haɗu suka kama musu ɗaki a jirgi. Ita aka bar wa inshora, wai ƙaramin aiki.

Ya jera mata takardu uku.

"Wannan ta ɓatan kaya ce, da in jirgi ya tashi ya bar mutum. Wannan ta haɗa da ganin likitan cikin jirgi. Ta ukun ita nake so ki duba. In ciwo ya yi tsanani a tsakiyar teku, helikwafta ake kira ta kai mutum asibitin tudu, sannan a dawo da shi gida tare da mai jinyarsa. Mota ba ta zuwa can, Malama."

"To ba ni ta ukun, mu gama."

Ya jawo fom. Suna, shekaru, adireshi, duk tana amsawa kafin ya rufe baki. Sai ya karanto tambaya ta bakwai: shin matafiyin yana da wani ciwo da yake shan magani a kansa?

Ta dubi agogon bango. "Rubuta babu."

"Sauran shidan ba ki duba agogo ba."

Ta so ta yi masa tsiwa, sai ta ji idonta ya kawo ruwa. Shekara biyu ke nan Baba yana fama da ciwon zuciya, kuma ita kaɗai ta sani, don ita take raka shi asibiti. Ya sa ta yi alƙawarin ba za ta gaya wa Mama ba. A cewarsa, in Mama ta ji, ko bakin titi ba za ta bar shi ya fita ba, balle teku. Ga shi fom ɗin na mata da miji ne, a shafi ɗaya za su sa hannu, a ƙasan amsar.

Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ajiye biron a hankali.

"In na rubuta babu, takarda na sayar miki, ba inshora ba. Ranar da kuka neme ta za a buɗe fayil ɗinsa na asibiti, a ce ba a san zancen ba. Ya rubuta gaskiya, likitansa ya ba shi wasiƙa cewa zai iya tafiya, ni kuma in tsaya har a amince."

"Wato ba za ka taimake ni ba."

"Taimakon ke nan nake yi."

Ta kwashe fasfonta ta fita, ko sallama babu. Ba ta kai ga tashar bas ba saƙo ya shigo wayarta, ta lambar da ta bari a fom.

"Malama, kin manta jan bironki. Tun ɗazu yake harara ta, ina jin sifili zai ba ni."

"Ka cancanta."

"In na kawo shi har makaranta, za a ƙara mini maki?"

"Ya danganta da halin ɗalibin."

Washegari ya kai biron. Jibi ya koma, wai ya manta bai kawo murfin ba. Kafin wata ya cika, mai gadin makarantar ya daina tambayar sa wurin wa ya zo, sai dai ya nuna masa bencin ƙarƙashin bishiya da haɓa. Ita ta sa masa suna Bakwai, shi kuma yana ce mata 'Yar Gaggawa.

"Bakwai, kai ko so sai ka karanta ƙananan rubutun ƙasa kafin ka sa hannu?"

"Na karanta naki tun ranar farko. Sharuɗɗan da tsauri, amma na amince."

"Bakinka dai ya fi fom ɗinka daɗi."

Tana son yadda yake sauraro da dukan fuskarsa. Abu biyu kawai take yi masa tsiya a kai: shayinsa ba sukari, kuma duk sanda za su ci abinci sai ya ɗauki wata 'yar baƙar jaka ya ce yana zuwa. Ta ce ko asirin kamfani ne a ciki. Ya yi dariya, ya sako wani zancen.

Ranar da ya je gaida Baba, gaisuwar ba ta yi armashi ba, don Auta ta riga ta ba Baba labarin fom ɗin. Baba ya amsa yana kallon jarida, kuma yana fita ya kira Auta ɗaki ya rage murya.

"Wannan ne yaron da ya so ya tona mini asiri a gidana? Tun bai shigo ba ya fara kafa mini doka, ina ga ya shigo? Ki ba shi haƙuri."

Dama Baba yana da nasa a zuciya, ɗan wani amininsa da kowa ke kira Mai Sauƙi, don komai ka kawo masa sai ya ce ai mai sauƙi ne. Shi ma harkar inshora yake yi, ta waya. Ya zo falo da ƙamshin turarensa, cikin minti biyar ya cike fom, yana dannawa yana satar kallon Auta. Da ya tafi ta ɗauki takardar da ya bari don a sa hannu. A gaban tambaya ta bakwai an rubuta babu, manya-manya. Daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi.

Ana cikin haka wata matsalar ta kunno. Suna zaune a benci, Bakwai ya tafi da baƙar jakarsa ya bar wayarsa, sai ta yi haske. Auta ba ta yi niyyar dubawa ba, haka dai kowa yake cewa.

"Kar ka manta da Laraba, ƙarfe tara. Wancan karon ka sa na yi ta jira. Ka kula mini da kanka." Sunan da ke sama kuwa, Sista.

Ta san ba shi da yaya mace. Da ya dawo ta ce kanta ke ciwo, ta tafi. Kwana biyar yana turo saƙo.

"'Yar Gaggawa, in laifi na yi, a gaya mini lambar tambayar da na faɗi."

"Ko sifili ne ki turo, in san biron yana raye."

Ta karanta duka, ta sha kukanta, ba ta amsa ko ɗaya ba.

Ranar Laraba tana da jarrabawa a aji, don haka Baba ya tafi asibiti shi kaɗai. Ya karɓi katinsa, ya sami gefen benci ya zauna. Da ya waiga, mutumin da ke kusa da shi yana ta ƙoƙarin ɓoye fuska da nasa katin, ga 'yar baƙar jaka a cinyarsa.

"Kai kuma me ya kawo ka nan?"

Bakwai ya zamo daga benci ya gaishe shi. "Suga ne, Baba. Tun ina ɗan shekara tara. Allura nake yi kafin in ci abinci."

"Auta ta sani?"

Ya sunkuyar da kai.

Baba ya dube shi, ya sake duban sa, sai dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Ashe kai ma babu ka rubuta."

"Haka ne, Baba. Na taɓa neman aure, na faɗa tun farko, aka ce in dakata za a neme ni. Har yau ana nema. Da na ga Auta sai tsoro ya kama ni, kullum in ce gobe zan faɗa."

Dariyar Baba ta tsaya. Ya daɗe yana juya katinsa a hannu.

"Ni shekara biyu ina cewa gobe," in ji shi. "Tashi ka zauna, ƙasan da sanyi. Ranar Asabar ka zo gidana da fom biyu. Ni in cike nawa, kai ka cike naka. Wanda ya gudu shi ne rago."

Asabar da hantsi suka haɗu a falo, ƙarƙashin kalandar. Auta ta zauna can nesa, ta haɗe rai. Baba ya yi gyaran murya sau uku, ya fara da tarihin gidan waya, ya zaga ya zaga, da ƙyar ya iso kan zuciyarsa.

Mama ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani ɗan akwatin roba mai gida-gida, kowane gida da ƙwayoyinsa.

"Na kwana goma sha biyu ne, da ƙarin na uku ko jirgi zai yi latti. Malam, wa kake zaton yake wanke rigunanka? Shekara biyu ina ciro takardar magani daga aljihunka in mayar. Kai kuma kana ta mitar gishiri ya yi kaɗan a miya."

Ta ajiye akwatin a gaban Baba, ta ci gaba.

"Takardar yaron nan mai turare kuwa da gangan na ƙi sa mata hannu. Jira nake in ga ko za ka miƙo mini biro in sa hannu a kan ƙarya." Ta dube shi. "Ciwon bai ƙona mini rai kamar shirun ba. Na ɗauka ni ce ta farko da za ka gaya wa."

"Ki yafe mini," in ji Baba. Ya ɗauki biro ya rubuta akwai, Mama ta sa hannu a ƙasa.

Sannan Bakwai ya taso ya durƙusa gaban Auta, ya miƙa mata fom na biyu. Sunansa ne a sama. A gaban tambaya ta bakwai ya rubuta komai: ciwon, shekarun, allurar da ke cikin baƙar jaka, da sunan nas ɗin da take duba shi duk wata, wadda ta kusa haifar sa, kowa yana ce mata Sista.

Auta ta karanta sau biyu. Kunya da tausayi da fushi suka taso mata lokaci guda.

"Ka hana ni rubuta ƙarya a takarda, kai kuma wata huɗu kana tashi ka bar ni a benci ka je ka sha wahalarka kai kaɗai. Me ka ɗauke ni?"

"Tsoron rasa ki na ji."

"Da shirun ka kusa rasa ni."

Ta buɗe jaka ta ciro jan biro. Baba ya miƙo wuya. Ta yi rubutu a saman takardar ta mayar masa. Ya karanta a fili: "An rage maki biyu saboda latti. An karɓa."

Likita ya canza wa Baba magani ɗaya, ya ba shi wasiƙa da sharaɗin ban da hawan bene da gudu. Kamfani ya amince. Da Mai Sauƙi ya ji an fasa tasa takardar, har da zancen Auta, ya ce ai mai sauƙi ne, kuma karon farko ya faɗi daidai.

Baba ya rantse ba zai taka jirgi ba sai ya ga auren autarsa, don haka aka ɗaura saura mako biyu su tashi. Ya riƙe hannun angon ya daɗe bai saki ba.

"Na ba ka ita, na kuma ba ta kai, kowa da ciwonsa a rubuce. Allah ya yi muku albarka, ya sa kada ɗayanku ya ƙara ɗaukar kaya shi kaɗai."

Kwana uku da tashin jirgin, amarya da ango suna shirin karyawa a ɗan kicin ɗinsu, saƙo ya shigo wayar Bakwai. Hoto ne: Baba da Mama a jikin ƙarfen jirgi, iska ta karkatar da hular Baba, ruwa ya cika bayansu har ƙarshen ido.

"Mun ga tekun. Ya fi na kalanda girma. Na sha maganina a gaban uwarku. Kai fa?"

Bakwai ya dubi Auta. Ta riga ta buɗe baƙar jakar a kan tebur, tana auna allurar a nutse yadda Sista ta koya mata, ita da ba ta taɓa yin komai a hankali ba.

Ya rubuta: "Ni ma, Baba. Ita ce ma za ta yi mini."

Ba a jima ba amsa ta dawo, daga gani Mama ce ta karɓe wayar.

"Allah ya bar ku tare, 'ya'yana. Ku ci abinci kafin ya huce."