Angon Da Ke Gudun Kogi

Wayar da ta faɗa ruwa ce ta haɗa su. Ranar kasuwar Gaya, da hantsi, wata budurwa ta tsaya gaban rumfar Seyni mai gyaran waya, ta dire masa leda cike da ɗanyar shinkafa. Ya dubi leda, ya dubi mai leda.

"Malama, nan ba a awon shinkafa."

"Tona ka gani," ta ce. "Portabul ɗina ce a ciki. Ta faɗa kogi muna tsallakowa, aka ce in binne ta a shinkafa."

Ya tono wayar. Yana ɓalle murfin, ruwa ya ɗigo masa a tafin hannu, warin laka da kifi ya buge shi. Nan take ya ja da baya, wayar ta kusa suɓuce masa. Budurwar, wadda ake kira Zuwera, ta ɗauka ganinta ne ya rikita shi, kuma gaskiya abin ya yi mata daɗi. Rabin zatonta daidai ne.

Ɗaya rabin kuwa, Gaya duka ta san shi. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka toshe gadar da ke zuwa Malanville a tsallaken iyaka, mutane da kaya suka koma tsallaka kogi a jirgi. Seyni yana cikin masu rakiyar kayan 'yan kasuwa, har ranar da jirginsu ya kife a tsakiyar ruwa. An ciro shi da rai, abokin aikinsa kuwa sai gawa. Tun daga nan bai sake taka bakin kogi ba. Ya koyi gyaran waya, ya kafa rumfa a gefen kasuwar da ya fi nisa da ruwa.

Wayar ta tashi, kuma mai gyara bai manta ya ajiye lambar ba. Da la'asar saƙo ya shiga:

"Barka da yamma, Mai shinkafa. Gwaji nake in ga ko wayar tana karɓar saƙo."

"Tana karɓa, Ɗan tudu. Amma saƙon da ba sallama ba ta amsa shi."

"To, salamu alaikum. Yanzu fa?"

"Yanzu ta gyaru."

Zuwera 'yar Baba Gado ce, masuncin da ke zaune a Tungar Gado, wani ɗan tsibiri a tsakiyar kogi. Da ta ji labarin Seyni daga bakinsa, ba ta yi masa dariya ba. Sai ta ɗauki tsallaka a kanta. Ranar kasuwa ta zo da kifi, ranar Juma'a ta ƙirƙiro aike. Ko rakiya zai yi mata, a bakin masallacin kasuwa take tsayar da shi, don kada ya hango ruwa.

"Koma, Ɗan tudu," takan ce. "Ni na isa in tsallaka mana mu biyu."

Shi kuwa sai ya ji sonta ya ƙaru, kunya ma ta ƙaru.

Da magana ta yi ƙarfi, kawun Seyni ya tsallaka da goro. Baba Gado ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi fura, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tura masa ƙwaryar goron gabansa.

"Ba raini ba ne, Malam," ya ce. "Gidanga namu, goron gaisuwa mai so shi ka kawo shi da ƙahwatai. Ranar ɗaukar amarya kuma, ango cikin jirginta shika zama. Haka ubana ya yi, haka na yi. Ɗiyata cikin ruwa aka haife ta. In uwarta ta kwanta ciwo, wa zai kawo ta? Ban tilasta mata kowa, amma goro shi zo da mai shi."

Labarin ya yi wa Hama daɗi. Hama ɗan ƙanwar Baba Gado ne, mai jirgi da inji sabo, wanda ya daɗe yana zagaya Zuwera ba ta kula shi. Daga ranar ya soma kawo wa kawunsa gaisuwa safe da yamma, abin da bai taɓa yi ba sai da Sallah.

Seyni ya riga ya sha rubutu, an yi masa hayaƙi, har wankan magani innarsa ta sa aka yi masa. Ya sami natsuwar barci, amma kogi yana nan yadda yake. Ranar da kawunsa ya dawo da goro, ya je wurin wani ma'aikacin jinya da yake yi wa gyara, ya roƙe shi ƙwayar da za ta kashe masa tsoro na yini ɗaya.

"Ka tsallaka a buge, ranar biki kuma fa?" in ji ma'aikacin. "Akwai masu aikin nan, sikolog ake ce musu. Ba allura, ba ƙwaya, magana ce da gwaji. A Gaya ban san ko ɗaya ba, amma ga lambobi. Ka tambaye su ko sun karanci irin wannan aiki, ko sun taɓa yi wa mai irin matsalarka, da yadda za ku riƙa haɗuwa. Wanda hankalinka bai kwanta da shi ba, ka bar shi."

Na farko yana Yamai, Faransanci zalla yake zubawa, Seyni ya gaji da cewa "wi, wi" ya kashe waya. Ta biyu, Madam Halima, tana Dosso, kuma da Hausa ta amsa masa duk tambayoyinsa ba gajiya. Ta ce ya zo su ga juna ido da ido, sauran zaman a yi ta waya. Ya shiga mota bai faɗa wa kowa ba, don ya san sunan da ake raɗa wa mai zuwa irin wannan wuri.

"In ka hango kogi, wane tunani ne yake fara zuwa maka?" ta tambaye shi.

"Jirgi zai kife. Kuma zuciyata za ta buga in mutu tun kafin ya kife."

"Sai ka yi me?"

"Sai in juya."

"In ka juya?"

"Sai in ji sauƙi."

"To nan matsalar take," ta ce. "Tunani ya tayar da jiki, jiki ya sa ka gudu, gudun ya ba ka sauƙi, sai ƙwaƙwalwa ta ce lalle gudun ne ya cece ka. Kullum ka gudu, tsoron ƙiba yake yi. Aikinmu biyu ne. Za mu riƙa titsiye tunanin nan muna tambayarsa hujja, sannan ka riƙa matsawa kusa da ruwa kaɗan-kaɗan, kana tsayawa har tsoron ya sauka da kansa. Ba zan ce maka kogi ba ya kisa ba, kai ka fi ni sani. Amma ba kowane jirgi ne wancan jirgin ba."

Da ya ba ta labarin Zuwera, ta yi murmushi. Ta ce yarinyar tana sonsa, amma muddin ita take tsallakowa kullum, ba abin da zai kai shi bakin ruwa. Ta ce ya zauna da ita ya yi mata bayani.

Bayanin ne Seyni bai iya ba. A maimakon ya zauna da ita, sai ya rubuta:

"Mai shinkafa, don Allah ki daina tsallakowa saboda ni. Ki ba ni lokaci. Wata rana za ki gane."

Zuwera ta karanta, ta sake karantawa, ranta ya yi baƙi ƙirin. Kamar jira yake, sai ga Hama da nasa labarin. Ya ce ya kai kifi Dosso ya ga Seyni yana fitowa daga ɓangaren masu taɓin hankali na asibiti, kuma yanzu kullum ana ganinsa maƙale da waya yana "Madam, Madam". Ta amsa saƙon Seyni da kalma biyu: "Na gane." Daga nan ta rufe lambarsa, ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Seyni ya ji zafin abin, amma bai fasa aikin ba. Ya fara da tsayawa a tudun da ake hango ruwa, gumi yana zuba, ƙafa tana cewa a tafi, yana cewa a'a. Zuciya ta yi ta bugawa, ba ta tsaya ba, can sai ta lafa. Ya faɗa wa Madam Halima, ta ce ga hujja ta farko. Ya sauko inda mata ke wanki. Ya sa ƙafa a ruwa. Wata rana ƙarar injin jirgi ta kore shi har rumfa, ya kira ta yana cewa ya lalata komai.

"Ba ka lalata komai ba," ta ce. "Gobe ka koma inda ka tsaya. Zuwera fa, ka yi mata bayanin?"

Ya sauya zance, ita ma ta gane amsar.

Wata ranar kasuwa Zuwera ta sauko daga jirgi da kwandon kifi a ka, sai ta ga masu lodi sun taru suna dariya. A cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure da igiya, ruwan da ke ƙarƙashinsa bai kai gwiwa ba, Seyni ne zaune, ya riƙe katako da hannu biyu, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Wani ya yi masa ihu, "Sauka lafiya, a gaida mutanen Kotonu!" Bai ɗago ba.

Ta dire kwandon ta shiga ruwa har gefen jirgin.

"Me kake yi a nan?"

"Zuwa nake wurinki," ya ce. "A hankali nake tahowa."

Nan ya faɗa mata komai, da Dosso, da Madam, da dalilin saƙon. Ta saurare shi, idonta ya cika.

"Wato taimakon da nake maka ne yake riƙe ka?"

"Ba laifinki ba ne. Nawa ne da na ɓoye miki. Tsoro nake ki ce mahaukaci."

"Ai ka haukata ni dai," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "To yanzu me zan yi?"

"Ki zauna can gida. Ki jira ni."

Ta ce wannan ne aiki mafi wuya da aka taɓa ba ta, amma ta yi. Ta buɗe lambarsa, saƙonni suka dawo.

"Yau an kwance igiya, mun je har wajen ciyawa mun dawo."

"Sannu, Ɗan tudu. Na hango ku. Na so in ɗaga hannu, na fasa kada ka miƙe tsaye."

Bayan girbin shinkafa, wata safiya, Seyni ya sauko bakin kogi da ƙwaryar goro, kawunsa a bayansa. Jirgin da ke kan layi na Hama ne. Ko da gangan ko ba da gangan ba, Allah masani, Hama ya ɗan murɗa inji a tsakiyar ruwa, jirgi ya yi tangal-tangal. Tunanin nan ya zo wa Seyni da ƙarfinsa. Ya bar shi ya zo. Bai rufe ido ba, ya ci gaba da kallon tsibirin yana matsowa, goro a cinya.

Baba Gado yana bakin gaɓa yana gyaran taru. Ya ga saurayin ya sauko, fuska ba jini, ya durƙusa ya miƙa ƙwarya.

"An ce mini kana tsoron ruwa," in ji tsohon.

"Ina tsoro, Baba. Har yanzu."

"An kuma ce ka tahi Dosso wajen masu duba hankali."

"Na je."

Baba Gado ya karɓi ƙwaryar. Sannan ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya jefa rabi a baki.

"Ƙanena bai san tsoro ba," ya ce. "Kwana biyu munka yi muna bidar gawatai. Tashi, yaro, shiga ka gaida uwayenka."

An ɗaura aure kafin azumi. Ranar ɗaukar amarya jirage suka jeru, mata suna guɗa, Zuwera a lulluɓe a tsakiyar na gaba, ango a gefenta yadda al'adar gidan ta ce. Hama ma ya zo, nasa jirgin ne ya ɗauki gado da katifa, yana cika yana batsewa.

Ana shirin tashi, Baba Gado ya shigo ruwa har gwiwa, ya miƙo wa Seyni wata yankakkiyar jarka, wadda ake kwalfe ruwan jirgi da ita. Mata suka ƙara guɗa, domin a Tungar Gado ba a ba baƙo wannan aiki, sai ɗan gida.

"Riƙe," in ji tsohon. "Allah shi yi muku albarka, shi kai ku lahiya, shi riƙa maido mini ku."

Jirgi ya tashi. Amarya tana kukan rabuwa da gida, amma ta cikin lulluɓi ta ga mijinta ya ƙanƙame jarkar a ƙirji.

"Ɗan tudu, lafiya?" ta raɗa masa.

"Lafiya lau, Mai shinkafa. Yi kukanki, ni ina da aiki."

Ya sunkuya ya ɗebi ruwan da ya taru a ƙasan jirgin, ya mayar wa kogi abinsa.