Hannun Nafiou

Ranar da Zuhura ta fara ganin Nafiou, hannunsa ta fara kallo. Haka take tun tana ƙarama, ba ta karɓar abu daga mutum sai ta duba farcensa, har Ummanta ta gaji da yi mata faɗan ƙyanƙyami.

Ta kawo wa babanta, Alhaji Hamissou, abincin rana ne a shagon turare da man shafawa da yake aiki a kasuwar Dira, can ƙasar Larabawa inda suke zaune. Baban ya shiga ciki ɗauko kaya, sai ga saurayi ya yi sallama yana neman man zaitun da na riɗi. Farcensa a yanke, tafinsa fes.

"Girki za a yi da mai haka?" ta tambaye shi.

"Karatu za a yi da shi," ya ce yana murmushi.

Ta ɗauka wasa yake, ta yi dariya. Kafin wata ya ƙare sun saba a waya. Ta san ɗan Damagaram ne, yana zaune a unguwar Gubaira, yana aiki a wani gidan motsa jiki na maza. Yana kiranta Tauraruwa, ita tana kiransa Ɗan Gayu.

Wata safiya saƙonsa ya shigo:

"Tauraruwa, ki yi mini addu'a. Yau malaminmu zai gwada mu a kan baya da kafaɗa. In na samu lasin ɗin tausa, kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, zai gyara mini iƙama, takardar zamana, na zama cikakken ma'aikaci, na zo wurin Baba da ƙarfina."

Tana shan shayi ta ajiye kofin. Ta kira shi.

"Tausa? Ya'ani jikin mutane kake taɓawa?"

"Maza kawai, kuma a gaban malami. Muna haddace sunayen jijiyoyi da gaɓoɓi, da ciwon da ba a taɓawa sai an tura mutum wurin likita. Ilimi ne, Tauraruwa."

"Da guminsu? Da gashin bayansu?"

"Wasu sukan yi wanka kafin su zo."

"Wasu," ta maimaita. Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba. Duk sanda ta tuna murmushinsa sai ta tuna bayan wani ƙato yana ƙyallin mai, ta yamutsa fuska.

Da magana ta kai kunnen Alhaji Hamissou, tsaki ya ja.

"Na baro Maraɗi, na sha wahala na raine ki a garin nan, don na ba mai murza ƙafafun ƙarti? Hannun nan zai riƙa sa miki a kwano?"

"Baba, karatu ne fa, har da jarrabawa."

"Ke kanki kin faɗa fuskarki a murtuke. Ga Rabilu, yaro tsaf, ina laifinsa?"

Rabilu ɗan abokin Baba ne, akawu a wani kamfani, ƙanshinsa ke riga shi shiga gida. Ya daɗe yana zagaye Zuhura. Da ya ji an samu ɓaraka, sai ya taka har Gubaira, wai ziyarar 'yan gida. Washegari ya turo mata hoto da saƙo:

"Ga angonki a bakin aiki. Ki ci abinci lafiya."

Ta buɗe. Nafiou ne a durƙushe, da wata ƙafa a cinyarsa, baƙa, kumburarriya, diddigen duk faso, farcen ya yi kauri ya yi ruwan ɗorawa. Ta jefar da wayar ta ruga banɗaki.

Da ta dawo ta wanke baki, ta sake ɗaukar wayar don ta goge hoton. A nan ta ga sauran. Mai ƙafar tsoho ne ramamme, kwance kan katifa, daga shi sai zane da ya zame. Ya ɗaga hannu yana ƙoƙarin rufe fuskarsa daga mai ɗaukar hoton.

Ta kira Nafiou.

"Wane ne tsohon nan?"

Ya ce, "Baba Mamane ne, ɗakinmu ɗaya. Dako ya yi har ƙafafun suka gaza, ba shi da kowa a nan. Likita ya ce a riƙa wanke masa ana shafa mai. Tun da baƙon nan ya ɗauke shi hoto bai yi wa kowa magana ba, kunya yake ji."

"Kai ba ka jin ƙyama?"

"Ina ji mana. Ranar farko sai da na fita waje na sha iska. To amma in na bari, wa zai yi?"

Da yamma Rabilu ya zo da farar jallabiyarsa. Zuhura ta shigo falo, ta ajiye wayar a gaban babanta.

"Baba, kalli abin da ya turo mini. Kada ka kalli ƙafar, kalli fuskar."

Alhaji Hamissou ya daɗe yana kallo. Ya ɗago.

"Kai ka ɗauki wannan?"

"Don ta san gaskiya ne, Baba."

"Sa'an ubanka ne, ba sutura a jikinsa, yana roƙonka da hannu." Ya ture farantin dabinon da ke tsakaninsu. "Tashi ka tafi. Turarenka ma hawa mini kai yake."

Ba a ranar Baba ya sauko ba. Sai da Umma ta yi ta lallashi, sai da ya je Gubaira da kansa ya gaida Baba Mamane, sannan ya ce yaro ya gama karatunsa tukuna.

Zuhura ta rubuta wa Nafiou:

"Ɗan Gayu, har yanzu aikinka yana tayar mini da zuciya, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma kai nake so. Ka ci jarrabawar nan."

Ya amsa: "Ki yi ta ƙyamar aikin, Tauraruwa, ni dai ki bar mini zuciyar."

Ya ci. Lasin ya fito, aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, 'yan Maraɗi da 'yan Damagaram suka cika gidan. Baba Mamane ya zo a keken guragu, shi ya tsaya wa ango a matsayin uba.

Bayan walima ƙafafun amarya sun kumbura saboda tsayuwa. Nafiou ya durƙusa a gabanta.

"Miƙo, malaminmu ya ce na fi kowa iya ƙafa."

Ta janye su cikin lafaya. "Mutum nawa ka gaisa da su yau?"

Ya tashi yana dariya ya nufi famfo. Da ya dawo ta miƙa masa, ta runtse ido, can kuma ta saki ajiyar zuciya ta ce kada ya daina.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya sa waraka a hannun Nafiou.