Tukunya a Bakin Ƙofa

"Baba ya cika mata kofin! Wallahi har baki ya cika shi!"

Ozoda ta saki labulen da take leƙe ta gefensa, ta dafe ƙirji. Ko yaron goye a Tashkent ya san baƙon da ake so kaɗan-kaɗan ake tsiyaya masa shayi, don ya daɗe ana ƙara masa. Wanda aka cika wa kofi kuwa, an ce masa sha ka kama gabanka ke nan. Wannan ne zuwa na uku da mahaifiyar Doniyor ta yi tana nema wa ɗanta aurenta, kuma a unguwarsu ba a zuwa na huɗu.

"To sai me?" in ji Gwaggo Mavluda, ƙanwar babanta, tana ɓare rumman hankali kwance. "Ga Bahodir ɗana da motocinsa, kin nace wa mai wasan yara. Gardi guda, shekara ashirin da tara, yana zaune yana liƙa bulolin roba!"

"Sana'arsa ce, Gwaggo... shago gare shi."

"Sana'a! Uhm. Shi wancan akwatin da suka ɓoye a bayan ƙofa fa? Kayan toshin ke nan? Bari in kai wa Yaya ya ga surukinsa da kyau."

Kafin Ozoda ta ce uffan Gwaggo ta sungumi akwatin ta yi falo. Matar nan in dai wajen haɗa wuta ne, ba a taɓa jin ta yi kukan ciwon gwiwa ba.

Usta Tursun, mahaifin Ozoda, yana hakimce a kan shimfiɗa, fuska kamar an aiko masa da sammaci. Shekara arba'in yana dafa osh, shinkafar biki mai karas da naman rago, kuma a wajensa namijin da hannunsa bai taɓa ƙonewa ba bai isa riƙe gida ba.

"Yaya, ga abin arziki an kawo maka!" Gwaggo ta yaye murfin tana dariya.

Kowa ya leƙa cikin akwatin.

A shagon Doniyor akwai wani akwatin bulolin wasa da ya fi kowanne kasuwa: gidan abinci irin na da, ja da fari, da dogayen kujeru da akwatin kiɗa a kusurwa. Guda uku ya wargaza, ya shafe wata biyu yana sake ginawa, sai ga tsohon gidan abincin Usta Tursun na bakin tashar jirgin ƙasa, wanda aka rushe tun Ozoda na rarrafe. Ga shuɗiyar ƙofar, ga rumfar inabi, ga benci uku.

Usta ya daɗe yana kallo. Ozoda a bayan labule addu'a kawai take.

Can sai ya daka tsawa.

"Wane sakarai ne ya ɗora tukunya a bakin ƙofa?!"

Mahaifiyar Doniyor ta zabura har shayi ya zube mata a zane.

"Iska za ta dinga shigowa tana kora wutar gefe guda! Rabin shinkafa ya ƙone, rabi ya tsaya ɗanye! So yake a ce ni Tursun haka na yi girki shekara goma sha takwas?"

Ya kai hannu zai ciro 'yar tukunyar. Yatsun nan nasa manya kamar ludayi suka haɗa da bango, rabin rumfa ya zube a kan shimfiɗa.

"Ina yaron yake?"

"Yana... yana waje cikin mota, Usta."

"A kira min shi!"

Doniyor ya shigo hannu a ƙirji, gumi har wuya duk da sanyin kaka. Ya buɗe baki zai yi gaisuwa.

"Riƙe gaisuwarka. Zauna nan. Murhu a bango na baya yake, hagu da taga. Mayar da shi."

"To, Usta."

"Ba nan ba! Kai, idonka ado ne? Matsa da shi bulo biyu."

Wasa-wasa aka yi azahar, aka yi la'asar. Usta ya cire hula ya ajiye, ya aika a ɗauko masa tabarau. Tun yana nuni da yatsa har ya koyi yadda ake danna bulo ya ce ƙas, kuma duk bulon da ya shiga sai ya waiga ya ga ko an gani. Gwaggo ta yi tari, ta yi gyaran murya, ta ambaci Bahodir sau uku.

"Mavluda, kin tare mana haske," shi ne kawai abin da ta samu.

A cikin 'yan mutanen roba da Doniyor ya jera a ginin akwai wata mai jan ɗankwali. Usta ya juya ta a tafin hannunsa, muryarsa ta sauka.

"Wannan fa?"

"Ban san inda zan sa ta ba, Usta. A hoton da aka ba ni tana bakin hanya."

Tsohon ya ɗauke ta a hankali, ya tsayar da ita a cikin taga, kusa da murhu.

"Nan take tsayawa. Kullum sai ta ce gishiri ya yi yawa... Allah ya jiƙanki, Saodat."

Hawayen Ozoda suka zubo. Shekara shida rabon da ta ji ya kira sunan mamanta.

Usta ya share ido da bayan hannu, ya harari Doniyor kamar shi ya sa masa hayaƙi.

"Hannunka bai taɓa ƙonewa ba, amma na yi maka tsawa wuni guda ba ka ɗaga ido ba. Mai wannan haƙurin zai iya da 'yata, don ta fi ni taurin kai. Ozoda! Na san kina bayan labule. Kawo gurasa biyu!"

Da gudu ta kawo, saura kaɗan ta yi tuntuɓe da Gwaggo. Usta ya haɗa gurasar biyu, ya yi bismillah, ya karya su a gaban kowa. An ba da ita ke nan. Mahaifiyar Doniyor ta fashe da kukan daɗi, Gwaggo kuwa ta ce ta tuna ta bar abu a wuta.

Da za su tafi, Ozoda ta rako su ƙofar gida. Doniyor ya ja baya kaɗan, ya rage murya.

"Rabin raina, yau na ga mutuwa ido da ido... Amma tsaya. Ba ke kika ce min tukunyar a bakin ƙofa take ba? Har sau biyu na tambaye ki!"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin gyale.

"Ni na ce."

"To don me, fisabilillahi?"

"Yaya Doniyor, da ka gina shi daidai, da ya ce 'ya yi kyau,' ya mayar da murfi, ya sallame ku. Amma Babana ya ga tukunya a inda ba wurinta ba ya yi shiru? Ko a kabari sai ya tashi!"

Doniyor ya saki baki yana kallonta. Sai muryar Usta ta ratso tsakar gida.

"Kai surukina! Gobe da sassafe ka zo min da jajayen bulo arba'in! Wa ya ce maka gidan abincina ba shi da ɗakin ajiyar itace?"