Ƙashin Gidanku

Kaltume ta yi jifa da sandarta, ta daki ƙyauren zauren gidansu da ke Ƙofar Kware.

"Maimaita, Siddiƙu. Ban jiya ba."

Saurayin nata ya sunkuyar da kai. Dama shi haka yake, in magana ta yi zafi sai ya kama kallon takalminsa.

Tun tana 'yar makaranta mota ta karya mata ƙugu. Lokacin kuɗin man fetur sun zauna wa gwamnatin soja, aka kai ta Ingila aka sa mata ƙarfe. Yanzu ƙarfen ya saki, ya cinye ƙashin cinyar. Likita ya ce hanya biyu ce: ko a cire shi ƙafar ta gajarce har abada, ko a sa dogon ƙarfe a cike gurbin da ƙashin wani mutum.

Nan Gwaggo Delu, wadda ta riƙe Siddiƙu, ta samu abin da take nema. Ta daɗe tana yi wa 'yarta Rabi tanadinsa. Ta bi dangi gida-gida, wai wa ya san mai ƙashin? In mai ƙashin tsiya ne fa? Su 'yan kasuwa ne, ba za a shigo musu da karayar arziki cikin cinyar amarya ba. Rabi kuwa har gidan biki ta kai zancen.

Shi ne Siddiƙu ya kwaso ƙafa ya zo lallashi, wai ta haƙura da gajeruwar ƙafa, shi a haka ma yana sonta.

"Kaltume, don a zauna lahiya..."

"Da ƙahwata za a sayi zaman lahiyar gidanku? Tashi ka ba ni wuri."

Ta yi kuka ranar, na takaici. Ciwon cinyar bai ƙona mata rai kamar ragwancinsa ba. Washegari ta sa aka mayar musu da kayan sa rana, ta ce wa mahaifinta a yi aikin, ko ƙashin wane ne.

Ranar da aka kwantar da ita a asibitin Kaduna, likita ya shigo ya ce an samu mai bayarwa, an gwada shi, za a ɗebo daga ƙugunsa a haɗa da nata. Aka turo shi a keken asibiti, cikin rigar marasa lafiya, yana kallon ƙafafunsa.

"Har yanzu hushi nika yi," in ji ta, idonta ya ciko.

"Na sani," in ji Siddiƙu. "Ki yi shi da ƙahwa biyu."

Bayan ta warke aka ɗaura aure. Ranar buɗar kai Gwaggo Delu ta kasa haƙuri, ta ce Allah dai ya sa ba tsiya aka kawo musu ba.

Kaltume ta miƙe tsaye, babu sanda.

"Gwaggo, in ƙashin tsiya na, to na gidanku na."