Takalman da Usama Ya Tuɓe

Ana idar da sallar magariba Umma ta aiki Usama ya nemo ƙaninsa Nasir, wanda ya kwana biyu bai leƙo gida ba. Ko sannu da aiki ba ta yi masa ba, alhali dawowarsa ke nan daga turin keken tsofaffi a Masallacin Harami. Dama Nasir ne ɗan lele, shi kuwa ɗan aike. Abin yana ci masa rai.

Abokan Nasir a unguwar Ka'akiyya suka kwatanta masa wani tsohon siton tantuna a hanyar Arfa, inda samari ke cashewa a ɓoye, a ƙarƙashin ƙasa. Bai taɓa taka irin wurin ba.

Tun daga waje yake jin kiɗan a haƙoransa. Dum. Dum. Babu waƙa, bugun na'ura ne zalla. A bakin matakala ya tarar da takalma jere reras, duk sun yi ƙura. Da yake an koya masa ladabin shiga gidan mutane, ya tuɓe nasa, ya sauka.

Ƙaurin gashi ya tare shi. Jar fitila tana ƙyaftawa. Wuri cike, ana tsalle tare, amma ba ka jin saukar ƙafa ko ɗaya. Ba mai gumi. Ba mai haki.

Sai Nasir kaɗai, jiƙe sharkaf, da kambas a ƙafarsa.

Usama ya damƙe shi. "Yalla, mu tafi, Umma na kira."

Nasir ya dubi ƙasa, ya raɗa, "Yaya, ina takalminka?"

"Na cire a ƙofa."

"Innalillahi! Baƙo ba ya cirewa a nan. Sai ɗan gida."

Kiɗan ya tsaya cak.

Duk suka juyo. Ba Nasir suke kallo ba.

Usama ya fizgi ƙaninsa suka haura da gudu, Ayatul Kursiyyu tana kakare masa a wuya. Wani abu mai sanyi ya shafi diddigensa. Bai tsaya neman takalmi ba, tsakuwa ta yayyanka masa ƙafa har bakin titi.

A gida Umma ta rungume Nasir tana kuka. Jinin ƙafar Usama da ke kan tayil kuwa, cewa ta yi a goge.

Washegari da magariba, ga takalman Usama a bakin ƙofarsu, an share su tas, an juya su suna kallon waje, kamar yadda ake yi wa wanda ake jira ya fito. Ya jefa su a shara. Suka dawo.

Umma ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, "Usama, tunda kai suke nema, ka koma kwana can unguwar Misfala. Kada su ga Nasir."